Makarantar Da Auta Ta Zaɓa

A layin masu katako, idan ka ce kafinta kake nema za a tambaye ka wanne, domin sun fi goma. Amma idan ka ce Ƙusa, ko mai shayin bakin layi zai nuna maka rumfar ƙarshe, wadda ba a raba gabanta da tulin karyayyun bencina. Tun yana saurayi abokan sana'a suka laƙaba masa sunan, saboda dogo ne siriri mai ɗan faffaɗan kai, kuma idan ya kafe a kan magana sai an sa ƙarfi kafin a zare shi. Da farko yana jin haushi. Da ya ga har matarsa da shi take tsokanarsa, sai ya haƙura.

Shi ba ya yin gado, ba ya yin kujerun falo. Aikinsa bencin makaranta ne, da tebur, da allo, da ƙyauren aji. Shekara ashirin da takwas yana ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke, zarto na leƙowa ta gefe, yana bin makarantun garin ɗaya bayan ɗaya. Babu ajin da bai taɓa kwanciya rigingine a cikinsa ba, guduma a hannu, ƙusoshi uku a baki.

Nasa karatun a aji huɗu ya tsaya. Kawunsa ne ya sa shi a wata makaranta mai nisan gaske, don kawai shugaban makarantar abokinsa ne. Kullum sai ya makara, kullum sai ya sha bulala a bakin ƙofa, har wata rana ya bi hanyar makaranta ya zarce wajen masu katako, bai sake komawa ba. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Har yau idan zai karanta takarda sai ya bi ta da yatsa.

Amma akwai wani karatu da ya iya wanda masu digiri ba su iya ba. Ya lura cewa makarantar da malamai ba sa shiga aji, ƙafafun baya na benci ne ke fara karyewa, domin yara lilo suke yi da shi har a tashi. Makarantar da ake karatu kuwa, saman teburin ne ke sulɓi a daidai inda ake ɗora gwiwar hannu. Allon da ake kiransa duk zango ya sake masa fenti saboda alli ya cinye shi, wannan allon yana jin daɗin ganinsa. Wanda ya shekara biyu yana ƙyalli kamar jiya aka kafa shi, sai ya girgiza kai kawai. Sannu a hankali maƙwabta suka gano haka. Idan lokacin shiga sakandare ya zo, za ka ga uba ya zo rumfar kamar gyaran kujera ya kawo, a yi gaisuwa, a taɓa hirar tsadar katako, can sai ya ce, "Ni kuwa Ƙusa, wannan makarantar ta kusa da asibiti, yaya take?" Shi kuma ya ajiye zarto ya ba da fatawa.

'Ya'yansa maza biyu shi ya zaɓar musu makaranta, bai shawarci kowa ba. Babban ya gama lafiya, yana aiki a kantin magani. Ƙaramin ya gudu a aji uku ya koyi tuƙi. Ƙusa ya ɗauka halin yaron ne, ya rufe maganar.

Sai aka zo kan Auta, 'yarsa mace tilo. Tana da shekara huɗu ta yi wani zazzaɓi mai zafi, bayan ta warke aka lura kunnenta na hagu ya yi nauyi. Idan ana mata magana sai ta karkata kai, yayyenta suna ce mata kaza mai kallon shaho. A gida ba a ɗauki abin da girma ba, tunda in an kira ta tana amsawa, kuma a firamare ba ta taɓa wuce ta biyar ba.

A garin akwai makarantar da kowa ke kira Mai Bene. Bene ce hawa biyu a bakin babban titi, da katanga, da maigadi mai kaki, da fanka a kowane aji. Iyaye har rige-rige suke yi a kanta. Shugaban makarantar ya daɗe da sanin Ƙusa, kuma yana yaba aikinsa. Wata rana yana duba sabon ƙyauren ofis ya ce, "Na ji 'yarka na gama firamare bana. Ka rubuta mu a fom ɗin, sauran ka bar mini."

Ranar Ƙusa ya koma gida bakinsa har kunne. Asabar da hantsi ya zauna a tsakar gida, ya zaro fom ɗin ofishin ilimi daga cikin leda, ya kira Auta. Matarsa tana gefe a kan keken ɗinkinta, tana haɗa kayan makarantar yaran mutane.

"Zo ki rubuta, hannunki ya fi nawa kyau. Nan inda aka ce zaɓi na farko."

Ya faɗa mata sunan makarantar. Auta ta karɓi biro, ta ɗora a kan layin, ba ta rubuta ba.

"Ko biron ne ba ya yi?"

"Yana yi, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Ni makarantar bayan tasha nake so."

Keken ɗinki ya tsaya. Ƙusa ya san makarantar sarai. Tsohon sito ne aka yanka shi ajujuwa, babu katanga, rufin yana yoyo a wurare uku, banɗakin 'yan mata ko ƙyauren kirki ba shi da shi. Gaskiya allonsu yana cin fenti, wannan ba zai musa ba. Amma wa zai bar Mai Bene ya tafi sito?

"Mutane daga unguwa-unguwa suna zuwa neman shawarata," in ji shi, "sai a gidana ne za a koya mini makaranta?"

Ya karɓe fom ɗin ya mayar cikin leda ya fita.

Da yamma ya biya wajen yayansa, tsohon akawu da ya yi ritaya, mutumin da ba ya fita ko bakin ƙofa sai da biro a aljihun gaba. Yayan ya saurara ya ce, "Kai ma da neman magana. Yaushe aka fara tambayar yaro? Mu da aka sa mu, tambayarmu aka yi? Cika fom ɗinka da kanka, in hannunka na rawa kawo in cika maka."

Maganar ta yi wa Ƙusa daɗi a kunne, amma ta tsaya masa a ƙirji, domin shi ya san inda rashin tambayar ya kai shi. Kwana uku yana shan ƙamshi a gida, Auta na gaishe shi yana amsawa a daƙile. A rana ta huɗu matarsa ta kawo masa shayi ta ce, "Malam, benci ma in ya yi ƙara sai ka duƙa ka duba inda yake ciwo. 'Yarka ta yi magana sau ɗaya a rayuwarta, ka ƙi ka ce mata don me."

Ya shanye shayinsa. Amma da zai fita ya leƙa ɗaki ya ce, "Auta, gobe ki shirya, za ki raka ni aiki."

Nufinsa ya kai ta Mai Bene ta gani da idonta, ta ji kunya ta janye. Ya ɗauke ta a bayan keke, akwatin kaya a cinyarta. Maigadi ya buɗe musu ƙofa har da sara masa. Ƙusa yana tafe yana nuna mata: ga ɗakin gwaje-gwaje, ga famfo shida a jere, ga bencinan da ya yi bara ko ɗaya bai motsa ba. Akwai tagar da zai gyara a ajin 'yan shekarar farko, sai ya roƙi malamin ya bar yarinyar ta zauna ta ji darasi ɗaya. Aka matsa mata a tsakiyar aji.

Yana ɗaure ƙarfen tagar yana satar kallonta. Ɗalibai sun kai tamanin. Fankoki biyu na kaɗawa, manyan motoci na wucewa a titi suna hon. Malamin ya iya aikinsa, yana bayani yana rubutu, bai zauna ba har aka kaɗa ƙararrawa. Ƙusa ya ji daɗi. Da suka fito baranda ya ce, "To, kin ji malami. Me ya koyar?"

"Ban ji ba, Baba."

"Ba ki saurara ba dai."

"Na saurara." Ta ɗago kai ta dube shi. "In yana kallonmu ina kama wasu. Da ya juya wa allo, shi ke nan maganar ta tafi. Ni bakin mutum nake kallo, Baba. Tun da can haka nake yi. A firamare malamarmu ta gane, ita ce take zaunar da ni a gaba ta ɓangaren taga."

Ƙusa ya tsaya da guduma a hannu. Shekara takwas yarinyar nan tana cikin gidansa tana karanta leɓɓansa, bai sani ba. Ya ce ta jira shi. Ya koma ajin, wani malami ya riga ya shiga, sai Ƙusa ya tsaya daga baya kamar mai duba aikinsa. Ya toshe kunnen hagu da yatsa, ya ɗan danne na dama. Nan take muryar malamin ta koma kamar ana magana a cikin randa. Fanka yake ji, da mota, da jan ƙafafun yara. Bai yi minti biyu ba ya cire yatsan, ya fito.

A hanyar gida ba su hau keken ba, turawa ya yi. Ya koma ɓangaren damanta da gangan, abin da bai taɓa tunanin yi ba.

"Ta bayan tashar, yaya aka yi kika san ta?"

Ta ce yayar ƙawarta a can take. Sau biyu ta bi ta ranar da aka tashe su da wuri, ta zauna a ajinsu. Su talatin ne da 'yan kai. Babu fanka, babu titi. Kuma akwai wata malamar lissafi da ba ta magana sai ta juyo ta fuskanci aji.

"Me ya hana ki faɗa mini tun ranar?"

"Ka tashi ka fita, Baba."

Washegari suka tafi bayan tasha. Shugabar makarantar wata gajeriyar mata ce mai tabarau, wadda Ƙusa ya sha yi wa gyara amma hirarsu ba ta taɓa wuce ta katako ba. Ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu cikin ladabi, ta jawo kujera ta zauna daidai gaban Auta.

"'Yata, wanne kunnen ne?"

Kusan rabin awa suna magana su biyu. Ƙusa yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu, yana jin 'yarsa tana jero magana kamar ba ita ce mai shiru-shirun gida ba. Ko sau ɗaya ba ta karkata kai ba.

Amma shi ma da nasa idon. Da suka fito ya zagaya da ita. Ya nuna mata banɗakin, ya nuna mata tabon ruwa a silin, sannan ya tsaya da ita a bakin tashar, inda 'yan kamasho ke ihu, motoci na ja da baya ba tare da duba kowa ba.

"Kin ga nan? Mota za ta taho ta hagunki ba ki ji ba. Kin yi tunanin wannan?"

Ta girgiza kai. Ba ta yi ba.

"To ni na yi. Ajin kin fi ni saninsa, na yarda. Hanya da rufi kuma ki bar mini. Ba za ki ratsa tasha ba, ta bayan gidan burodi za ki riƙa zagayawa ko da ya fi nisa. In kin yarda da wannan, mu je ki rubuta."

A kan teburin rumfarsa ta rubuta, bayan ya share dusar katako da gefen hannu. Shi kuma ya sa hannu a ƙasa, a hankali, harafi bayan harafi.

Sai dai ofishin ilimi ba su karɓa da sauƙi ba. Ma'aikacin da ke karɓar fom ya duba ya ce makarantar bayan tasha ba ta cikin shiyyarsu, in ba Mai Bene ba sai ta unguwarsu. Ƙusa ya yi bayanin kunne, aka ce ya kawo takardar asibiti. Ya kai Auta asibiti, suka wuni a layi, aka gwada ta, likita ya yi masa faɗan rashin kawo ta da wuri, ya shanye. Ya mayar da takardar, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ya koma, aka ce yana taro. A zuwa na huɗu ya zauna a bencin baranda tun safe ya ce ba inda za shi. Bencin yana girgiɗi, zaman banza ya ishe shi, ya ciro guduma ya gyara shi. Ƙarar ce ta fito da babban jami'in daga ofis.

Jami'in ya karanta takardun a tsaye, ya dube shi ta saman tabarau.

"Malam, mutane suna kwana a kan neman Mai Bene, kai an ba ka kana turewa. Wa ya yi wannan zaɓin, kai ko yarinyar?"

"Ranka ya daɗe, mu biyu ne. Ita za ta zauna a ajin shekara shida, ba ni ba, ba kuma ofishin nan ba. Ta faɗi abin da ta sani, na faɗi abin da na sani. Abin da muke roƙo kawai a bar mu mu ɗauki nauyin abin da muka gani."

Jami'in ya ɗan yi murmushi, ya jingina takardar da bango ya sa hannu.

Labari ya riga shi isa layin masu katako. Yana sauka daga keke wani ya ce, "Jama'a, ashe Ƙusa ma tana lanƙwashewa, 'yar shekara goma sha biyu ce maganinta." Aka yi ta dariya, shi ma ya yi. Shugaban Mai Bene kuwa bai ga abin dariya ba, sai da ya shekara bai kira shi aiki ba. Yayansa ya ce ya zuba ido ya gani.

Kafin a koma makaranta Ƙusa ya kafa sabon ƙyaure a banɗakin 'yan mata, da sakata mai ƙarfi. Ya bi gidajen iyaye biyar ya tattaro su, ranar wata Lahadi suka hau rufin suka toshe yoyon. Satin farko shi ya riƙa raka Auta ta bayan gidan burodi, har sai da ta ce masa ƙawayenta sun fara yi mata dariya.

Sakamakon zangon farko ya fito, ta zo ta goma sha tara cikin talatin da biyu. Yayan ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, ga zaɓin yara." Ƙusa ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi. Amma bai ce wa Auta komai ba sai, "Wanne darasin ne ya fi ba ki wuya?" Ta ce Turanci, domin malamin yana da gemu da gashin baki, ba ta ganin leɓɓansa. Ƙusa ya rasa yadda zai je ya ce wa namiji ɗan'uwansa ya rage gashin baki. Ita da kanta ta samu shugabar, aka shirya malamin ya riƙa ba ta darasin a rubuce kafin ya shiga. Daga baya shugabar ce ta haɗa su da wani sashe a asibiti, aka ba Auta 'yar na'urar ji da ake maƙalawa a bayan kunne.

Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Tana yawo tsakanin ta huɗu da ta bakwai har ta gama. A lissafi ne kawai ba a kama ƙafarta, malamar nan ta riƙe ta kamar ƙanwa. Ta ci jarrabawar fita, ta shiga kwalejin fasaha ta karanta awon ƙasa, wai aikin safiyo. Ƙusa bai san mata na yin wannan aikin ba, sai da ta zauna ta yi masa bayani da tef ɗinsa na awo.

Bara waccan, wata safiyar Talata, yana kan keke za shi gyaran allo a wata makaranta, ya tarar an tare rabin hanya ana aikin faɗaɗa titi. Ya sauka zai tura, sai ya hango ta. Tana tsaye a bayan wata na'ura mai ƙafa uku, da hular kwano da riga mai ƙyalli a kan doguwar rigarta, ido ɗaya a jikin na'urar. Can nesa wani ƙato yana riƙe da sanda mai lambobi. Ta ɗaga hannu, ƙaton ya matsa dama. Ta sake ɗagawa, ya dawo kaɗan. Direban katafila ya kashe injinsa yana jiran ta gama.

Ƙusa bai kira ta ba. Ya jingina keken da sandar lantarki a tsallaken titi, ya harɗe hannu ya tsaya. Wani dattijo mai sayar da jarida a wurin ya ga tsayuwar ta yi yawa ya ce, "Malam, aiki kake nema a wajensu?"

"A'a. Waccan mai ba da umarnin, 'yata ce."

Dattijon ya leƙa, ya dawo ya dube shi tun daga hula har silifas, ya jawo masa kujera. Ƙusa ya zauna. Sai da ta naɗe na'urar ta shiga motar ma'aikata sannan ya tashi. Ya isa wajen aikin rana ta take, shugaban makarantar yana ta faɗa a kan an bar yara babu allo tun safe. Ƙusa ya ba shi haƙuri sau biyu, ya buɗe gwangwanin fenti, yana aikin yana murmushi shi kaɗai.